Maho Ba Abin Kunya Ba Ne

Wata ranar Talata, cikin tsakiyar hunturu, na taso daga Bakura da sassafe zan ci kasuwar Talata Mafara. Hazo ya rufe gari, ba ka hangen mutum sai ya yi kusa da kai. Kafin in kai bakin kasuwa na bi ta wani kango inda waɗansu mutanen ƙauye suka sauka, irin waɗanda ɓarayin daji suka kora daga gidajensu. Nan na ga wata tsohuwa tana shanya bargo bisa katanga. Bargon nan ba saƙa ba ne, ba kuwa na kanti ba. Ƙyallaye ne aka harhaɗa, fari da shuɗi da baƙi da mai ratsi, ko wanne bai wuce tafin hannu biyu ba, an jera su sahu sahu, an bi su da ɗinki ƙanana. Ina tsaye ina kallo sai ga waɗansu samari biyu bisa babur. Ɗayan ya rage gudu ya ce, "Inna, wane mahaukaci ya bar miki gado?" Suka bushe da dariya suka wuce.

Tsohuwa ba ta tanka musu ba. Na gaishe ta, na tambaye ta wanda ya yi mata wannan aiki. Ta ce, "Ni na yi abina, ɗana. Wanga shuɗi rigar maigidana ta, Allah shi jiƙan shi. Wanga mai ratsi ta babban ɗana. Jikoki huɗu ka kwana cikinai."

Samarin nan ba su san ni ba, ban san su ba, ba kuwa su kaɗai na ke nufi da wannan magana ba. Irinsu suna da yawa, har da masu furfura, har ma da waɗansu daga cikinku, ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci kuka karɓi takardar shaida. Mun ɗauki wata al'ada mun rungume, cewa tufa mai maho alamar tsiya ce, gara mutum ya kwana yana rawar ɗari, ko ya ci bashi, da a ga faci a ɗakinsa. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi wauta ne, kuma baƙo ne a ƙasar nan. Ga dalilaina, mai ja ya ja.

Mu fara da abin da ba shi da gardama, watau sanyi. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Maradun ko Bakura tsakanin Disamba da Janairu ya san yadda iskar hunturu ke ratsa zana da asuba, balle mutanen da ke bakin fadama da masu ban ruwa a gonakin Bakolori. Babba ya iya daurewa. Jariri da tsoho ba su iyawa, gama jikinsu ba ya riƙe ɗumi kamar na ƙaƙƙarfa. To, me mu ke yi in dare ya yi? Sai a shigo da kaskon gawayi cikin ɗaki, a toshe taga, a rufe ƙofa. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fid da wata guba wadda ba ta da wari, ba a kuwa ganinta, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Wanda ya tsira daga wannan, ga hayaƙi yana ƙara wa yara tari, ga kuma gobara. Barguna masu laushi da a ke kawowa yanzu daga ƙasashen waje, galibinsu zaren roba ne. In wuta ta taɓa su narkewa su ke yi, su manne wa fata. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa a jikin mutum. Ashe ke nan maganar abin rufa ba maganar ado ba ce. Gidan da ke da isasshen abin rufa ba ya bukatar kwana da kasko.

Wani zai ce, yaya tsofaffin riguna da suka sha wanki har suka yi shara-shara za su hana sanyi? Amsa ita ce, ba kaurin tufa kaɗai ke ba da ɗumi ba. Iskar da ta maƙale tsakanin tufa da tufa ita ce ke tsare ɗumin jiki kada ya fita. Shi ya sa riga biyu marasa kauri su kan fi ɗaya mai kauri. Bargon maho kuwa hawa uku a ke yi masa, sama da tsakiya da ƙasa, ko wane tsakani yana riƙe da tasa iska. Kaza ma da ta ji sanyi sai ta buɗa gashinta, ba don komi ba sai don wannan.

Yanzu mu zo ga kunya, wadda ita ce gindin maganar. Ina so a gaya mini, wa ya koya mana ita? Ba addini ba dai. Malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ɗinke tufarsa da hannunsa, ya gyara takalminsa. Sayyidina Umar yana Sarkin Musulmi, dukiyar Farisa da ta Rum tana shigowa Madina, amma rigarsa da maho a jikinta. A ƙasar Sudan, sa'ad da Muhammadu Ahmad ya ce shi ne Mahadi cikin 1881, jibba mai maho ita ce tufar mabiyansa, da ita suka ci Hartum cikin 1885. Daga baya ma har suka riƙa yanka ƙyallaye masu launi suna ɗorawa da gangan bisa sabuwar jibba, maho ya zama alamar girma. A Sanigal, almajiran Shaihu Ibra Fall na ɗarikar Muridiyya har yau da rigar haɗe-haɗe a ke gane su. Ko mutum ya yarda da hanyarsu ko bai yarda ba, ba ya ce mahaukata ne.

Ba kuwa kakanninmu suka koya mana ba. Ku tuna da lifidi. Mene ne lifidi in ba tufa bisa tufa ba, an cusa auduga a tsakani an bi da ɗinki? Da shi 'yan lifida ke rufe kansu da dawakinsu su shiga gaban yaƙi, kibiya ta zo ta maƙale. Wanda ya je hawan Salla a Kano ko Katsina ya gan su, kowa na yi musu jinjina. Ɗinkin da a ke yi wa lifidi shi ne dai ɗinkin da tsohuwar nan ta yi wa bargonta. In doki ya sa, mu ce sarauta. In maraya ya rufa da shi, mu ce hauka. Wannan wane irin hukunci ne?

A zamanin da kuwa tufa ba abin wasa ba ce. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari wata da watanni. Masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya, maɗinki ya haɗa, marini ya rina, mabugi ya buga. Wanda ya san wannan wahala ba ya yar da ƙyalle. Babbar riga in ta tsufa sai a rage ta ta zama taguwa, taguwa ta zama rigar yaro, rigar yaro ta zama majanyi ko gammo, abin da ya saura a murɗa shi lagwanin fitila. Luru da gwado kuwa uba kan bar wa ɗa. Ƙasar Zamfara ƙasar auduga ce. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, ya yi ta kwasar auduga da gyaɗa. An buɗe masaƙar Kaduna cikin 1957, ta Gusau ta biyo baya a shekarun 1960. Yau ina su ke? Yawancin masaƙun Arewa sun rufe, masaƙan gargajiya sun tsufa babu magada, noman auduga ya ja baya. Kusan duk abin da mu ke sawa daga waje ya ke zuwa, da kuɗi masu tsada. Watau lokacin da mu ke yin tufa da hannunmu muna tattalinta, yanzu da ba mu iya yin ko ƙyalle sai muka koyi zubarwa. Wanda bai iya haƙa rijiya ba shi ne ke wasa da ruwan tulu.

Ga wani abin mamaki kuma. Mai ƙyamar maho, ka dube shi da kyau, sau da yawa rigar gwanjo ce a jikinsa. An ɗauro ta cikin dila daga Turai ko Amurka, ta biyo ta Kwatano, bai san wanda ya sa ta ba, bai san ko mai ita yana da rai ko ya mutu ba, bai san ciwon da ya yi ba. Wannan bai dame shi ba. Amma rigar ubansa, wadda ya san guminta, ita ce abin ƙyama. Ban ce gwanjo haramun ne ba, talaka ya sami sutura da shi, ni ma na sa. Abin da na ce, wanda ya sa tsohuwar rigar baƙo ba shi da bakin yi wa tsohuwar rigar gida dariya.

Mutanen da mu ke kwaikwayo kuwa ba su raina wannan aiki ba. A Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani ƙauye a gwiwar kogi, ana ce da shi Gee's Bend. Mazaunansa baƙar fata ne, jikokin bayi, matalauta ƙwarai. Matansu sun daɗe suna yanka tsofaffin wandunan aiki da rigunan mazansu suna ɗinka barguna, don ɗakunansu na katako ba su tare iska. Cikin 2002 aka ɗauki bargunan nan aka rataye su a manyan gidajen nuna zane na Houston da New York, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Cikin 2006 gwamnatin ƙasar ta buga hotunansu bisa kan sarki. A Bangal kuma, can gabashin Indiya da Bangaladash, mata kan jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinki, suna kiran abin kanta, da shi a ke naɗe jariri sabon haihuwa don ya fi sabon yadi taushi. Na tabbata da a ce bargon tsohuwar nan daga Ingila aka kawo shi cikin leda, da samarin nan sun tambayi kuɗinsa.

Akwai masu hujjar da ta fi ta samarin nan nauyi, ba zan tsallake su ba. Wani malami ya ce mini, "Tsohuwar riga ai sadaka a ke yi da ita, in kowa ya yanka tasa, me almajiri zai sa?" Maganarsa da gaskiya a ciki. Rigar da ke da sauran sawa, a ba mabukaci, ya fi lada. Ba ita na ke nufi ba. Ina nufin wadda wuyanta ya cinye, gwiwar hannunta ta huje, wadda in ka ba almajiri ma ka ci mutuncinsa ne, ba sadaka ka yi ba. Irin wannan riga, bayanta da gindinta sau da yawa suna nan garau. Kuma wa ya hana ka ɗinka bargon ka yi sadaka da shi? Almajirin da ke kwana a zaure ya fi bukatar bargo ɗaya da yagaggun riguna takwas.

Wani kuma ya ce tufafin mamaci fa? Nan sai a yi hankali. Tufafin mamaci dukiyar magada ce, ba mai taɓa su da almakashi sai an raba gado, ko magada sun yarda. In an raba, wanda rabonsa ya faɗa kan riga yana da ikon ya sa, ko ya bayar, ko ya yanka. Amma zancen cewa wai mai rufa da tufar mamaci zai yi mugun mafarki, ko mamaci zai biyo kayansa, camfi ne, bai kamata a ji shi a bakin wanda ya yi karatu ba. Abin tsoro na gaskiya a tsohuwar tufa shi ne ƙwarƙwata da ƙazuwa, maganinsu kuwa tafasasshen ruwa da rana da dutsen guga.

Mutanen wannan yanki sun san abin da a ke kira tashi. Sa'ad da aka gina madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka ta da dubban mutane, har abin ya kai ga zub da jinin manoma cikin 1980. A 'yan shekarun nan kuma ɓarayin daji sun sake korar jama'a daga ƙauyuka. Mai gudu ba ya ɗaukar gado ko rumbu, abin da kai zai iya ɗauka shi ke nan. Tsohuwar nan ta bar gida da gona da kabarin mijinta. Abin da ya rage mata na mutumin nan shi ne ƙyallen shuɗi guda goma sha wani abu, jikokinsa na kwana ƙarƙashinsu. Wannan ne aka ce wa gadon mahaukaci.

Saura masu cewa ba su iya ba, ko ba su da lokaci. Ku da kuka koyi lissafi a aji, ga inda zai yi muku rana. Ku nemi kwali ku yanka shi murabba'i, inci 7 ko wane gefe, shi ne ma'auni. Rabin inci na ko wane gefe zai tafi cikin ɗinki, saura inci 6. In ka jera ƙyalle 10 a sahu, faɗi ya zama inci 60. In ka yi sahu 12, tsawo ya zama inci 72, watau yadi biyu. Goma sau goma sha biyu, ƙyalle 120 ke nan. Rigar babban mutum, in an cire wuya da aljihu da bakin hannu da inda ya mutu, ta kan ba da kamar 15. Ashe riga takwas sun isa. In da babbar riga a ciki, ba a ma kai takwas ba. Maɓallai a cire a tara a gwangwani, wata rana za a neme su.

Kafin a yanka, a tafasa, a shanya, a goge. A ɗaga ko wane yanki a duba shi ta hasken rana, inda haske ya ratso da yawa ya mutu, a bar shi don tsakiya. A ja shi da hannu biyu, in ya yi ƙara kada a sa shi a sama. Kada a haɗa auduga da yadin roba, gama auduga na tsukewa in ta sha ruwa, roba ba ta yi, sai bargo ya karkace. Kada kuma a haɗa mai kauri ƙwarai da marar kauri gefe da gefe, mai ƙarfin zai yaga ɗan'uwansa a bakin ɗinki. Jerin launi kuwa ganin dama ne. Ni dai na fi son fari da shuɗi bi da bi, amma na ga wadda ta zuba nata yadda suka zo hannu, ya kuma yi kyau.

In fuska ta haɗu, sai a shimfiɗa tsohon zane mai ƙwari a ƙasa, in bai kai faɗi ba a haɗa biyu. A jera ragowar tsummoki masu tsabta a kansa, ko wani zanen da ya mutu, sa'an nan a rufa fuskar. Waɗansu kan so su cusa audugar rimi kamar ta lifidi. Tana da ɗumi, amma ban ba da shawararta ba ga bargon yara, don in an wanke ta kan dunƙule, ga ta kuwa da saurin kama wuta. Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, shi ne bin hawa ukun nan da ɗinki. A fara daga tsakiya a yi waje, don kada ya tattare, a bar kamar yatsa uku tsakanin layi da layi. Wanda ya yi ƙyuya nan ya yi layi jefi jefi, wanki biyu cikin zai taru gefe ɗaya. Ƙarshe a naɗe baki. Allura da zare kaɗai za ka saya.

Kada maza su ce wannan aikin mata ne su zame. Tun asali a ƙasar Hausa ɗinki sana'ar maza ce, malamai da almajirai ke zaune a zaure suna yi wa riguna aska takwas. Namijin da ke iya zama gindin bishiya daga azahar zuwa la'asar yana dara, ba ya ce ba shi da lokacin ɗinka ƙyalle goma. Masu keken ɗinki na kasuwa kuma, ina da magana da ku. Ko wace jajibirin Salla ku kan share ƙyallaye sababbi ful, ku cika buhu, ku zubar a kwata ko ku ƙone. Ku tara su. Yaran da ke koyon aiki wurinku, da su ya kamata su fara koyon miƙe ɗinki, ga koyo ga bargo. Malaman aji kuma, darasin awo da na sau ba shi da abin misali da ya fi wannan. Masu hali da ke raba barguna ga 'yan gudun hijira, Allah ya saka muku, amma da kun sayi na hannun matan nan kun raba, da kuɗin ya tsaya a Mafara, mace ta sami na gero.

Kada dai a bari sai sanyi ya shigo a fara neman almakashi. Sahu 12 ne. Wanda ya fara a farkon Satumba yana haɗa sahu ɗaya ko wane mako, zai gama fuska a ƙarshen Nuwamba. Mako biyu na bin layi, tsakiyar Disamba yara sun shiga ciki.